Izu Sittin a Faifai Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Bodinga ya san Mijinyawa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare ta gefe guda, wanda ba ya buga maka wasiƙa sai ya gyara maka ita, ka so ko ka ƙi. Mutane suna cewa taurin kai gare shi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Idan ya yarda da abu ya yarda ke nan, ka kwana kana bayani, shi yana gyaɗa maka kai, gobe ka tarar da shi inda ka bar shi.

A Lambara aka haife shi, gidan masu shanu. Yana ƙarami mahaifinsa ya kai shi Sifawa karatu wajen Malam Haruna, lokacin Malam ɗin ma gemunsa bai fara furfura ba. Ya kai izu ashirin da ɗoriya sai mahaifin ya rasu, aka zo aka ɗauke shi ya koma bin dabbobi. Daga baya ya yi ɗan karatun boko, ya koyi buga tafireta, ya sami aiki a wani ofis a Bodinga. Da aka daina yayin tafireta ya koyi kwamfuta da yatsa biyu, da ya yi ritaya kuma ya buɗe ɗan shago da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar. Amma karatun nan da bai sauke ba yana nan tsaye a ransa. In ana zancen sauka a majalisa sai ka ga ya sunkuyar da kai yana gyaran tabarau.

Shi Malam Haruna ba sanannen malami ba ne. Ba a taɓa jin sa a rediyo ba, ba a taɓa aiko masa da mota ba. Kowane azumi yakan zauna bayan la'asar a ɗan masallacin unguwarsu ya yi tafsiri, izu takwas ko tara a wata, baɗi ya ɗora daga inda aka tsaya. Muryarsa kauri gare ta, ba ya ɗaga ta, amma na waje ma yana ji. Ya yi bayani da Hausa, in ya hango makiyaya sun shigo ya juya ya maimaita musu da Fulatanci. Daga Dandin Mahe wasu ke zuwa bisa babura, da ƙishin azumi da komai, don su zauna sa'a guda a gabansa. An sha roƙonsa a ɗauki karatun a rikoda, yana ƙi.

Shekarar da Malam zai sake ɗaukowa daga farko, ya riga ya haura saba'in. Mijinyawa ya je ya durƙusa a zaure, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Allah shi gafarta Malam, in an yarje mani, so nike in ɗauki karatun ga tun daga hwarko hal ƙarshe."

"Ka ɗauka ka kai ina?"

"In aje, Malam. Don na baya."

Malam ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "To ji sharaɗina, Mijinyawa. Kai ka san ba a hidda rubutu sai an gama an duba. Kak ka ba kowa ko kalma guda sai mun sauke. In mun sauke mu zamna ni da kai mu saurara, inda halshe yaz zame in gyara. In ka raba shi gutsure-gutsure kahin nan, ban yahe ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta shiga jikin Mijinyawa ta zauna. Ya sayi ƙaramar rikoda wadda ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ya sayi faifan dibidi guda, irin wanda ake zuba abu a bar shi buɗe don a ƙara wani daga baya. Kullum da azahar ya rufe shago ya hau babur zuwa Sifawa, ya sami wuri gab da buzun Malam, ya ɗora rikodar bisa ɗan matashi. Bayan salla ya kulle kansa a shago, ya kwashe karatun wata guda ya zuba a faifan, kowace rana da sunanta. Sannan ya goge na cikin rikoda, don cikinta ba ya ɗaukar fiye da wata. Ya goge na cikin kwamfuta ma, don kwamfutar shago ce, kowa yana iya zama gabanta. Faifan kuwa ya naɗe shi a farin ƙyalle ya sa cikin gafaka tare da littattafan mahaifinsa.

Yana da 'ya, Bahijja, malamar firamare a Shagari, can take aure. Ita kaɗai ce a cikin 'ya'yansa take iya ja da shi, don halinsu ɗaya. A shekara ta uku ta zo gaisuwar salla ta tarar da shi yana wannan aiki, ta tsaya ta gama kallonsa.

"Baba, wanga abu an bar yayinai. Sabbin kwamfutoci ko ramin sa shi ba su da. Ga filashi, ga memori. Ko ka bari in ɗora maka shi bisa intanet, in kulle, ba mai gani sai kai."

Ya karɓi filashin da ta miƙa masa ya jujjuya shi. "Ana iya goge abin da ac cikinai?"

"Ana iyawa, amma..."

"To allo na. Mu da munka yi karatu mun san allo, mun san takarda. Allo a rubuta da sahe a wanke da marece. Abin da aka son shi daɗe, takarda aka ba shi, da tawada wadda ba ta hita. Hwaihwan ga in ya kama abu ya kama. Ba ni aje karatun Malam bisa allo."

"To ka yi biyu mana, Baba. Ka aje guda nan, guda Shagari."

"In akwai biyu, guda na hita."

A gaskiya Malam bai ce kada a yi biyu ba. Cewa ya yi kada a ba kowa. Amma Mijinyawa ya ɗauki sharaɗin ya ƙara masa nauyi da kansa, yana ganin yawan tsanani shi ne yawan biyayya. Maganar intanet kuwa watsi ya yi da ita. A wurinsa, abin da ba ka iya riƙewa a hannu ka sa a gafaka ba ajiya ba ne, jingina ce a gidan wanda ba ka sani ba. Bahijja ta mayar da filashinta jaka, ta ce Allah ya kyauta, ta tashi ta shiga wajen uwarta.

Azumi ya fara da damina, ya yi ta matsowa har ya faɗo tsakiyar bazara. Shekara ta huɗu lafiya, ta biyar lafiya. A ta shida faifan ya fara nuna hali. Ya sa shi, kwamfuta ta yi ta gurnani ta tofo shi waje. Ya sake, ta sake. Ya hura ramin da baki, ya goge faifan da hannun riga, ya yi bisimilla, a karo na uku ta karɓa. Ya zagi kwamfutar, ya ce tsufa ne ya kama ta, bai ko kawo a ransa cewa laifin na faifan ba ne.

Shekara ta bakwai ita ce ta sauka, ita ce kuma shekarar da jikin Malam ya ƙi. Tun kafin azumi ya yi jinya, ya tashi ba shi ba. Muryar nan ta sirance, tari yana yanke ta. Sai ya fara bayani ya ɓace a tsakiya, ya yi shiru har mutane su fara duban juna. Wata rana ya maimaita magana guda sau uku. Wata rana ya kira sunan wani aboki nasa da ya shekara ashirin a ƙasa, ya ce a matso masa da wuri. Mai jan baƙi yakan tuna masa a hankali, shi kuma ya ce, "Ina munka tsaya?" Almajiransa manya suka ce ya huta, wani ya ƙarasa. Ya ƙi, ya ce shi ya fara. Ranar ashirin da takwas ga wata ya kai ƙarshe da ƙyar, aka shafa addu'a, dattawa suna kuka ba kunya. Da za a fita da shi ya kama hannun Mijinyawa ya ce, "Bayan salla mu zamna." Kwana goma sha ɗaya bayan salla aka yi jana'izarsa.

Sai da aka yi addu'ar bakwai sannan Mijinyawa ya iya buɗe shago. Ya ciro faifan daga ƙyalle, ya sa, ya jawo karatun shekarar ƙarshe zai zuba. Kwamfuta ta yi gurnaninta ta rubuto masa cewa ya sa faifan da ake iya rubutu a kai. Ya ce to wannan mene ne? Ya cire, ya hura, ya goge, ya mayar. Haka ya yi ta yi har azahar. Can zuciyarsa ta ce masa ya bar zancen ƙari, ya buɗe na bara ya ji ko yana nan. Ya danna, bai buɗu ba. Na shekara ta uku bai buɗu ba, na farko ma haka. Ya zauna a ƙasa tsakiyar shago.

Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya zaga Bodinga neman wata kwamfutar mai ramin faifai, masu shaguna suna yi masa dariya, wani ya ce sai dai ya tambayi masu gwangwan. Ya tafi Shagari, dole ta sa ya gaya wa Bahijja. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun nata ya fi masa zafi. Ta nemo wata tsohuwar kwamfuta a ma'ajin makarantarsu, suka kakkaɓe ta suka gwada, ita ma ta tofo shi. Ita ce ta ba shi kwatancen wani mai gyara a Sakkwato, Shamsuddeen, wanda aka ce yana ciro abu daga faifan da ya mutu.

Shamsuddeen magidanci ne mai fara'a, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci. Da Mijinyawa ya warware ƙyallen, sai Shamsuddeen ya ɗaga kai yana shaƙar iska.

"Baba, wanga hwaihwai na ko ango? Mi kaka sa mai?"

"Turare na. Na Juma'a."

"Kullum Juma'a?"

"Shekara bakwai ban hwasa ba. Karatu na cikinai."

Abin da ya faru ke nan. Tun yana yaro ya ga mahaifinsa, ranar Juma'a in ya shafa turare, yakan buɗe gafaka ya ɗiga wa littattafai, don girmamawa. Shi ma haka ya tashi yana yi. Da faifan ya shiga gafaka ya zama ɗaya daga cikinsu, har ya fi su samun rabo, don shi ɗigo biyu yake yi masa, ya murza da yatsa gaba da baya. Shamsuddeen ya daina dariya. Ya ɗaga faifan saitin haske ya nuna masa yadda fuskar ta yi hazo, da wasu tabo masu ruwan ƙasa da suka ci daga gefe suka yi ciki. Ya ce faifan ɓawo biyu ne aka manne, turaren ya bi ta baki ya shiga tsakani, zafin ɗaki ya taimaka masa, ya cinye wurin da rubutun yake. Ya ce ya bar masa shi kwana biyu ya gwada, amma kada ya sa rai.

Ya sa rai mana. Wa zai hana? Da ya koma, Shamsuddeen ya juyo masa da fuskar kwamfuta, ga sunaye nan jere reras yadda ya rubuta su da yatsunsa biyu: shekara ta ɗaya rana ta ɗaya, rana ta biyu, har ƙasa, sama da ɗari da sittin. Amma sunaye ne kawai. Duk wanda aka danna sai shuu, ko shiru. Abu guda aka ceto mai sauti, daƙiƙa goma sha ɗaya daga ranar farko. Aka kunna masa. Ya ji motsin tabarma, ya ji wani ya yi gyaran murya kusa da rikoda yana cewa, "Tana ɗauka? To, tana ɗauka." Muryarsa ce shi kansa.

Babban ɗan Malam, Lawali, mai sayar da taki a kasuwa, shi ya zo har gida bayan addu'ar arba'in. Ya ce mutane sun dame shi, kowa ya san an ɗauki karatu, an kuma sauke, to ina yake? Mijinyawa ya gaya masa gaskiya, kansa a ƙasa, bai rage komai ba har zancen turaren.

"Shekara shidda, Malam Mijinyawa. Kai kaɗai Baba yay yarda da kai. To ba mu wanda yar rage."

"Ba a duba shi ba. Malam ya ce sai an duba. Kuma kai ka san yadda jikinai yaz zan bana."

"Wa za shi duba yanzu? Muryar ubanmu ta, gadonmu na. Ka ɓata shidda, ka hana muna guda?"

Da wane ido zai ƙi? Mutumin da ya zubar da shekara shida ba shi da bakin kafa sharaɗi a kan ta bakwai. Ya miƙa rikodar. Bahijja ce ta kwashe karatun ta zuba a filashi da memori, ta tura wa Lawali a waya, aikin da bai kai tsawon dafa shayi ba. Lawali ya tura wa almajiran Malam, da kyakkyawar niyya, su kuma suka tura gaba. Cikin mako guda karatun ya kai inda Malam bai taɓa takawa ba. Sai wani marar kunya, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya zauna ya yanko wuraren da Malam ya ɓace, ya haɗa su wuri guda: tari, shiru, "Ina munka tsaya?", kiran mamaci, "Ina munka tsaya?" Bai kai minti ɗaya ba. Cikakken karatun ba wanda ya kai ƙarshensa, amma wannan guntun ba wayar da bai shiga ba. Har ya zama abin zolaya, in mutum ya yi mantuwa a shago sai a ce masa ina munka tsaya.

Mijinyawa ya bi waɗanda ya sani ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su goge. Suka goge a gabansa don kunyar furfurarsa, washegari wani ya sake turo musu. Ya tambayi Bahijja ina ne asalin wurin da abin yake zaune, ya je can ya roƙa. Ta ce babu wuri, Baba, yana ko'ina. Ya rame. Ya daina gyara wa mutane wasiƙa, abin da ka kawo shi zai buga maka, da kuskurensa da komai. Sifawa kuwa bai sake takawa ba, ko ta'aziyya aka yi sai dai ya aika.

Wata ranar kasuwa ya shiga mota daga Bodinga zai je Shagari duba jikarsa. An cusa su huɗu a baya. Na kusa da shi, wani mai sayen awaki da bai san shi ba, ya ciro waya ya kunna wa abokinsa, sai ga tarin Malam ya cika mota. Suka kwashe da dariya, har direba.

"Wai wanga na malamin da aka ta yabo Sihwawa? To mi mutane ka zuwa saurare?"

Mijinyawa ya juyo gare shi. Ya ce, "Kashe abin ga." Muryarsa ta sa motar ta yi tsit. "Ba ku san shi ba. Wanga ciwo na kuka ji, ba shi ba na. Ni shekara bakwai ina gabanai, gwiwata na taɓa buzunai. Mutum na wanda in ya buɗe baki manyan maza ka kuka. Ba a yi mai bayani irinai ba ƙasag ga."

Mutumin ya kashe wayar, kunya ta kama shi. Ba da gatse ba, da ladabi, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ba mu sani ba. To don Allah hwaɗa muna ko abu guda cikin abin da yac ce, mu ƙaru."

Mijinyawa ya buɗe baki. Ya nemi shekarar farko, ya ga masallacin, ya ga hasken la'asar a bango, ya ga ɗan jan hasken rikoda bisa matashi. Ya nemi ta uku, ya tuna ranar da batir ya kusa ƙarewa, yadda ya yi ta addu'a ya kai. Ya tuna wani mai tari da ya sa aka matsar da shi baya, ya tuna fankar da yake kashewa don kada ƙararta ta shiga. Ya tuna mutane suna kuka, shi kuma yana jin haushin shessheƙarsu za ta ɓata masa ɗauka. Abin da ya sa su kukan ne ya nema bai samu ba. Duk shekarun nan idonsa na kan jan hasken, kunnensa na kan hayaniya, ya bar sauraro sai ranar da za su zauna shi da Malam.

Suna ta jira, direba ma ya rage gudu yana duban sa ta madubi. Har aka shiga Shagari bai ce komai ba.